Shekara goma da batir ɗaya: inda alkawarin yake cika da inda yake warwarewa

A biranen ƙasar Sin akwai miliyoyin mitocin ruwa da na iskar gas da ke zaune a cikin ramuka da lungunan gidaje, kowace tana ɗauke da layin waya, takan farka sau ɗaya a yini ta aika wa kamfani adadin abin da aka sha, sannan ta koma ta yi tsit sai gobe. A Nairobi kamfanin M-Gas yana ɗaura irin wannan mita a bakin tukunyar gas, uwargida ta biya kuɗin abin da za ta yi girki da shi ta wayarta, mitar ta sakar mata daidai gwargwadon kuɗinta, saƙon kuma ta hanyar sadarwar Safaricom yake bi. Mu ma a nan mun saba da danginsu, irin su na'urar bibiya da ake ɓoyewa a jikin mota ko babur, da akwatin sola na biyan kuɗi kaɗan-kaɗan wanda kamfani ke iya rufewa daga nesa idan aka yi jinkirin biya. Wannan shi ne abin da ake kira intanet na kayayyaki, wato kayan da ke magana da juna ba tare da ɗan Adam ya taɓa maɓalli ba, kuma mafi wuyar sha'ani a cikinsu su ne waɗanda aka ajiye a wurin da babu wutar lantarki, babu kuma mai zuwa ya yi musu caji.

Kowace irin wannan na'ura takan fara rayuwarta ne a kan wani ɗan allo da bai wuce tafin hannu ba, wanda ake kira allon gwaji. A kansa akwai modem mai magana da ƙarfen sabis, da ƙaramar ƙwaƙwalwa mai gudanar da manhaja, da gurbin sim, da eriya, da sashen da ke karɓar wuta daga batir ya rarraba ta. Injiniya ko ɗalibi yakan saye shi ya gwada tunaninsa kafin ya zana nasa allon. Masu sayar da waɗannan alluna kusan bakinsu ɗaya, kowa cewa yake yi kayansa za su kai shekara goma da batir ɗaya. Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai sharuɗɗan da ke ƙarƙashinta sun fi ta tsawo, kuma yawancinsu ba a hannun mai sayar da allon suke ba. Wasu suna hannun kamfanin sadarwa, wasu suna cikin sinadarin batir, wasu kuma suna hannun wanda ya rubuta manhajar.

Ita kanta shekara goman tana da asali. Ƙungiyar 3GPP, wadda ke tsara ƙa'idojin wayar salula na duniya, ta yi wani nazari a shekarar 2015 inda ta sa wa kanta buri cewa na'ura ta rayu shekara goma da batir mai ƙarfin wat-awa 5, wato kusan rubu'in abin da ke cikin batirin babbar wayar hannu ta yau, tana aika ɗan saƙon da bai wuce haruffa 200 ba. Bayan wannan nazari aka fito da tsare-tsare biyu a kundi na 13 na ƙa'idojin ƙungiyar a 2016, su ne NB-IoT da LTE-M. Dukansu 'ya'yan 4G ne da aka rage wa ƙiba. NB-IoT yana amfani da siririn zango mai faɗin kilohaz 180 kacal, gudunsa bai wuce 'yan gomomin kilobit a daƙiƙa ba, an yi shi ne domin abin da ke zaune wuri guda kamar mita. LTE-M yana da faɗin megahaz 1.4, yana iya kaiwa megabit ɗaya, kuma yana iya sauya ƙarfen sabis yana cikin tafiya, don haka ya fi dacewa da abin hawa. Abin lura shi ne, lissafin shekara goman an gina shi ne a kan na'urar da ke magana sau ɗaya a yini, ko kuma jefi-jefi, ta kwashe sauran lokacinta tana barci.

Lissafin ba shi da wuya, kowa zai iya yi a bayan takarda. A shekara akwai awa 8,760, a shekara goma ke nan awa 87,600. Idan aka ɗauki batirin lithiyam mai girman batirin rediyo ƙarami, irin LS14500 na kamfanin Saft, wanda ke ɗauke da mAh 2,600 (mAh, wato mili'amfiya-awa, shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiye da ita), aka raba shi a kan waɗannan awoyi, abin da zai fito bai kai maikro'amfiya 30 ba. Amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana, mili'amfiya kashi ɗaya ce cikin dubu nata, maikro'amfiya kuma kashi ɗaya cikin miliyan. Wannan talatin ɗin ita ce dukan kasafin gidan, a cikinta za a yi barci, a auna abin da za a auna, a kira ƙarfen sabis, a kuma bar wani abu saboda zubar da batir ke yi da kansa ko ba a taɓa shi ba. A ƙaddara cewa kowace farkawa tana cin mili'amfiya 100 na tsawon daƙiƙa goma, abin da ya kama mAh 0.28. In sau ɗaya a yini ake yi, a shekara goma an ci ɗan fiye da mAh 1,000, kuma idan barcin bai wuce maikro'amfiya 5 ba an ƙara kusan 440, batir ya isa har da saura. In aka ce a riƙa aikawa kowace awa, batirin nan ɗin dai da kyar zai wuce shekara ɗaya. In kuwa mai kaya ya nace sai ya ga inda babur ɗinsa yake duk bayan minti goma, to wata biyu ne. Ba a canza waya ko ɗaya a jikin allon ba, layi guda ne kawai na manhaja ya mai da shekara goma wata biyu.

Masu ƙera modem sun yi nasu ƙoƙarin, wannan babu musu. Kamfanin Nordic Semiconductor na ƙasar Norwe ya fito da nRF9160 a 2018, wanda ya haɗa modem da ƙwaƙwalwa da na'urar gano wuri a cikin ƙwaya guda mai tsawon milimita 16 da faɗin 10, kuma a barcinsa mai nauyi maikro'amfiya 2.7 yake ja. Notecard na kamfanin Blues na Amurka yana zama a kusan maikro'amfiya 8. Ƙwaƙwalwar ESP32, wadda ɗalibai suka fi so saboda araharta, ita ma tana iya sauka wajen goma. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba, domin waɗannan alƙaluma na ƙwayar ne ita kaɗai, ba na allon da aka dasa ta a kai ba. Alluna da yawa na araha suna ɗauke da mai daidaita ƙarfin wuta samfurin AMS1117, wanda shi kaɗai, ko da komai na allon yana barci, yake shan kusan mili'amfiya 5. Wannan ya ninka abin da modem mai barci ke ja fiye da sau dubu, kuma zai ƙarar da batirin da muka yi misali da shi a cikin mako uku. Ɗan ƙwan fitilar nan ja da ke nuna cewa allo yana kunne, idan yana jan mili'amfiya 2, bai kai wata biyu ba zai cinye batirin. Hatta 'yan ƙananan razisto biyu na kilo'om 100 da ake jerawa domin auna ƙarfin batir suna zubar da maikro'amfiya 18 dare da rana, fiye da rabin kasafin ke nan. Akwai kuma ƙwayar da ke haɗa allo da kwamfuta ta kebul, wadda ba ta da wani aiki bayan an gama loda manhaja, amma a wasu alluna ba ta da makunni. Tulu ne mai kyau da aka huda wa gindi a wuri huɗu, sannan ake mamakin yadda ruwa bai kwana ba.

Saboda haka nake ganin cewa darajar allon gwaji ba a yawan abubuwan da aka cusa masa take ba. Allo nagari shi ne wanda ya bar wa mai aiki hanyar raba kowane sashe da wuta, ya kuma tanadi wurin da za a saka ma'auni a tsakanin batir da modem. Maganin ɗigar ma ba tsada ne da shi ba, domin akwai masu daidaita wuta na zamani, kamar TPS62840 na Texas Instruments, da abin da suke sha don kansu bai wuce nano'amfiya 60 ba, wato ko kashi ɗaya cikin goma na maikro'amfiya bai kai ba. Bambancin farashinsu da na araha ƙalilan ne idan aka kwatanta da kuɗin motar da za a biya ma'aikaci ya je ƙauye ya canza batir.

Sai dai ba a gyara abin da ba a gani ba, kuma mitar hannu da masu gyaran rediyo ke amfani da ita ba ta iya wannan aikin. In aka saita ta a kan maikro'amfiya domin a ga barci, da zarar modem ya farka ya nemi ɗaruruwan mili'amfiya sai ta shaƙe masa wuta ya mutu. In aka saita ta a sama, barcin sai ya bayyana kamar sifiri. Don haka aka ƙera ma'aunai na musamman, irin su Power Profiler Kit II na Nordic, mai ɗaukar awo sau 100,000 a daƙiƙa tun daga ƙasa da maikro'amfiya har zuwa amfiya ɗaya, da Otii Arc na Qoitech, da Joulescope. Duk wanda ya taɓa zama gaban allon kwamfuta yana kallon zanen farkawa guda ɗaya ba zai ƙara yi wa lamarin kallon da ba. Layi ne kwance a ƙasa kamar ba rai, sai ya ɗan ɗaga yayin da ƙwaƙwalwa ta tashi ta karanta ma'auni, sai ga wasu dogayen tsinaye a jere kamar haƙoran zarto, lokacin da modem ke gaisawa da ƙarfen sabis. Saƙon da aka tashi dominsa wani ɗan tsini ne guda a tsakiya, da kyar ido ke bambanta shi. Bayansa kuma sai wata doguwar jela, daƙiƙa goma ko fiye, inda modem ya gama aikinsa amma yake zaune kunne a buɗe yana jiran ƙarfen sabis ya sallame shi. Sau da yawa wannan jelar ta fi saƙon kansa cin wuta nesa ba kusa ba. Akwai wata alama a cikin ƙa'idojin, RAI, da na'ura za ta iya aikawa ta ce ta gama, ba ta jiran amsa, a sake ta. Inda kamfanin sadarwa yake mutunta alamar, jelar takan gutsure sosai.

Wannan ya kawo mu ga ɓangaren da masu talla ba su cika son tsayawa a kansa ba, wato cewa barcin na'ura da izinin kamfanin sadarwa ake yinsa. Hanyoyin barci biyu ne. Ta farko, PSM, na'ura ce ke rufe rediyonta gaba ɗaya amma sunanta ya ci gaba da zama a rajistar kamfani, ta yadda in ta farka ba sai ta sake gabatar da kanta daga farko ba. Ƙa'ida ta yarda wannan barci ya kai har kwana 413, sai dai a tsawon lokacin babu mai iya kiranta. Ta biyu, eDRX, gyangyaɗi ne, na'ura tana buɗe ido jefi-jefi ta duba ko akwai saƙo, tazarar tana iya kaiwa kusan minti 44 a LTE-M, kusan awa uku a NB-IoT. Mita mai aika rahoto kawai PSM ya dace da ita, makullin da ake so a buɗe daga nesa kuwa sai eDRX. To amma a duka biyun na'ura roƙo take yi. Ita ce za ta ce tana son barcin awa 24, kamfani ya duba tsarinsa ya ba ta abin da ya ga dama, ko ya rage, ko ya hana ɗungurum. Abin ya fi tsanani ga sim ɗin da aka sayo daga wata ƙasa mai yawo a kan hanyoyin sadarwar wasu, domin baƙo ba kullum ake ba shi abin da ake bai wa ɗan gida ba. Manhajar da aka rubuta da hankali takan karanta amsar da kamfani ya bayar ta yi aiki da ita, ba ta ɗauka cewa abin da ta roƙa shi ta samu ba.

Nisa ma yana da nasa harajin. Abin alfaharin NB-IoT shi ne yana kaiwa inda tsohon 2G ba ya kaiwa, da ratar desibel 20, wato yana iya jin siginar da ta fi rauni sau ɗari. Yadda yake yin haka kuwa ba wani sihiri ba ne, maimaitawa ce, kamar mai kiran wani daga hayin kogi. Saƙo guda ana iya maimaita shi har sau 128 kafin ƙarfen sabis ya tattara shi ya gane, kuma kowane maimaici da cikakken ƙarfin rediyo ake yinsa, mili'wat 200. Mitoci biyu iri ɗaya, ɗaya a jikin katanga ɗaya a cikin rami mai murfin ƙarfe, ƙarkon batirinsu zai iya bambanta ninki da yawa. Shi ya sa eriya mara kyau, ko mai kyau da aka matse a jikin batir ko aka kulle a akwatin ƙarfe, asararta a batir take fitowa, ba a sigina kaɗai ba.

Yaren da na'ura ke magana da shi da sabar, wato babbar kwamfutar da ke karɓar saƙonta, shi ma abin dubawa ne. Hanyar da burauza ke bi ta buɗe shafi cikin tsaro tana buƙatar gaisuwa mai tsawo da musayar takardun shaida na dubban haruffa, duk domin a isar da lamba guda ta zafin ɗaki, kamar a yi hayar tirela a kai goro ɗaya. Shi ya sa masu wannan aiki suka fi karkata ga wani yare mai taƙaita magana, CoAP, da tsarin tsaronsa mai suna DTLS, musamman tun da aka ƙara masa wata lambar shaida a 2022 da ke barin na'ura ta farka bayan dogon barci ta ci gaba da magana ba tare da sabuwar gaisuwa ba. Na'urar gano wuri ta GPS kuwa, ga mai bibiyar kaya, ita ce wata rijiyar: tauraron ɗan Adam bit 50 kacal yake aikowa a daƙiƙa, don haka na'urar da ta farka ba ta san komai ba sai ta yi rabin minti ko fiye tana saurare, alhali in aka sauko mata da bayanan taurarin ta hanyar sim, 'yan daƙiƙoƙi sun isa.

Duk wannan bayani ya ginu ne a kan zaton cewa akwai NB-IoT ko LTE-M a wurin da za a kafa na'urar, kuma wannan zato ne mai haɗari. Ƙasar Sin ta rungumi NB-IoT da hannu biyu, Vodacom ta ƙaddamar da shi a Afirka ta Kudu tun 2017, Safaricom na da shi a Kenya. Amma NTT Docomo na Japan ya rufe nasa a 2020, AT&T na Amurka ma ya sanar da rufe nasa a ƙarshen 2024 ya koma ga LTE-M, abin da ke nuna cewa hanyar sadarwa tana iya mutuwa kafin batir. A yawancin garuruwanmu da ƙauyukanmu abin da mutum zai iya dogara da shi shi ne 2G da kuma 4G na gama-gari. Ɗalibin da ya tara kuɗi ya yi odar allo mai nRF9160, wanda ba ya jin kowane yare sai NB-IoT da LTE-M, ba tare da ya fara tabbatarwa daga kamfanin layinsa ba, zai iya samun kansa da kyakkyawan allo da ba shi da abokin magana. Modem irin su BG96 na Quectel ko SIM7000G na SIMCom suna iya komawa 2G in ba su sami sabon tsarin ba, shi kuwa SIM7080G, duk da kamannin suna, ba ya iyawa. Akwai kuma hanya ta uku da ta yi ƙarfi a 'yan shekarun nan, Cat-1 bis, wanda 4G ne na yau da kullum da aka rage wa eriya ɗaya domin araha, yana aiki a duk inda wayar 4G ke aiki. Ya fi NB-IoT jan wuta a lokacin magana, amma da yake yana da sauri yakan gama da wuri, kuma a ganina ga mai aiki a yankinmu shi ne ya fi cancantar a fara dubawa. Sai dai a lura da harafin da ke ƙarshen sunan modem, domin samfurin da aka yi wa kasuwar Amurka ba lalle ya kama zangon megahaz 800 da 1,800 da ake amfani da su a nan ba.

Komawa 2G kuwa gudun gara ne da kan iya kai mutum gidan zago. Rediyon GSM, wato na 2G, yana harba har wat 2 a cikin ƙananan bugu, kowane bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma a wannan ɗan lokacin yana iya fizgar amfiya 2 daga batir. Duk wanda ya taɓa haɗa modem ɗin 2G mai suna SIM800L da siraran wayoyi ya san alamar: fitila na ƙiftawa, yana dab da kama sabis, sai ya mutu ya sake tashi, haka zai yi ta yi har a gaji. Ba lalacewa ya yi ba, ƙarfin wutar ne ke faɗuwa a daidai lokacin bugun, maganinsa kuma gajerun wayoyi masu kauri da babbar kafasita, wato abin da ke tara wuta ya sake ta a lokacin buƙata, a dab da ƙafar modem. Inda babu PSM, dabarar da ta rage ita ce a datse wa modem wuta gaba ɗaya a tsakanin saƙonni, a yarda da biyan kuɗin sabuwar rajista a kowace farkawa, tare da kula cewa a umarce shi ya rufe kansa tukuna, don datsewar ba-zata tana iya ɓata ma'ajiyarsa.

Babban makashin batir, a nawa ra'ayin, ba aika saƙo ba ne, neman sabis ne a inda babu. Modem da ya farka bai ji ƙarfen sabis ba yakan shiga lalube zango bayan zango, minti bayan minti, rediyonsa a buɗe, kuma manhajar da aka rubuta a ofis mai cikakken sabis sau da yawa umarninta ɗaya ne, a sake gwadawa. A wurinmu wannan ba tatsuniya ba ce, ƙarfen sabis yakan ɗauke saboda man janareto ya ƙare ko an yanke kebul a wajen aikin hanya. A watan Satumba na 2021 an rufe sadarwar waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka kwashe makonni a haka. Na'urar da ke neman sabis ba ƙaƙƙautawa a irin wannan hali za ta iya ƙone tanadin shekaru a cikin 'yan kwanaki, ranar da sabis ya dawo kuma ta riga ta mutu. Wadda aka koya wa haƙuri takan gwada na ɗan lokaci ƙayyadadde, in ba ta samu ba ta ajiye awonta a ma'ajiya ta kwanta, ta ninka tazarar jira a kowane karo, daga minti biyar zuwa goma zuwa awa zuwa yini.

Shi kansa batirin ba tulu ba ne da ake ɗiba yadda aka ga dama. Wanda ake sa wa mitoci, mai sinadarin lithiyam da tayonil kulorayid, ba a yi masa caji, yana ba da bolt 3.6, zubarsa kusan kashi ɗaya cikin ɗari ce a shekara, yana kuma jure zafi har digiri 85. Amma rowa gare shi wajen bayarwa da yawa a lokaci guda, ƙaramin da muka yi lissafi da shi ba a so a ja masa fiye da mili'amfiya 50 a jere, ga shi kuma in ya daɗe a kwance wani ɓawo yakan taru a cikinsa ya sa ƙarfinsa ya faɗi a farkon ja. Don haka ake haɗa shi da wata babbar kafasita da yake cikawa sannu a hankali, ita kuma ta biya modem buƙatarsa ta gaggawa. Allon gwajin da aka gwada shi a kan kebul na kwamfuta kaɗai ba zai taɓa nuna wannan matsalar ba.

Mai caji kuwa, irin 18650 da ke cikin fitilu da batirin kwamfuta, abokin gabansa zafi ne. Ƙa'idar yawancin masu ƙera shi ita ce kada a yi masa caji a sama da digiri 45. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai iskar watan Afrilu kanta takan haura 40, to ina ga cikin baƙin akwatin roba da aka ɗaure a jikin tankin rijiyar burtsatse da tsakar rana. Lokacin da farantin sola ya fi ba da wuta shi ne daidai lokacin da batir ya fi kamata a ƙyale shi, kuma ƙananan allunan caji na araha masu TP4056 yawanci an toshe musu ƙafar da ke jin zafi, don haka ba su san komai ba, turawa kawai suke yi har batir ya kumbura. Farin akwati, da inuwar farantin kansa, da batir samfurin LiFePO4 da ya fi jimiri, sun fi kowace dabarar manhaja amfani a nan. A ƙara da ƙurar hunturu da ke rufe farantin, wadda ke wajabta a yi lissafin girmansa da mafi munin mako na shekara. Batun 18650 da aka rubuta wa mAh 9,900 a kasuwa kuwa ba ya buƙatar dogon sharhi, tun da na gaskiya na manyan kamfanoni yawanci tsakanin 2,500 ne zuwa 3,500.

Sababbin alluna sun fara tattara duk wannan kulawa a ƙwaya guda mai sarrafa wuta. Thingy:91 X da Nordic ya fitar a 2024 yana ɗauke da nPM1300, wadda ke yin caji tana lura da zafin batir, tana da makunnai na datse wa wasu sassa wuta, tana da yanayin ajiya da ke hana batir zuba yayin da kaya ke jiran mai saye a sito, tana kuma taimakawa wajen ƙiyasta abin da ya rage a batir ta haɗa ƙarfinsa da yawan abin da ake ja da kuma zafi. Wannan ƙiyasi ya fi wuya fiye da yadda ake zato. A batirin waya ƙarfin wuta yana sauka a hankali daga bolt 4.2, don haka ana iya karanta saura daga gare shi. LiFePO4 kuwa yakan tsaya a wajen 3.2 kusan duk tsawon aikinsa, na mitoci kuma ya fi shi taurin kai, yana nan a kusan 3.6 tun yana sabo har ya kusa ƙarewa. Hanyar da ta rage wa mai irin wannan batir ita ce na'urar ta riƙa ƙirga wa kanta kowace farkawa, da daƙiƙoƙin da rediyo ya yi a buɗe, da yawan lokutan da ta nemi sabis ta rasa, ta haɗa wannan ƙidaya a cikin rahotonta na kullum. In ba a yi haka ba, ma'aikacin da ke duba allon kwamfuta a ofis zai ga mita ta aiko da bolt 3.6 ranar Talata, ranar Laraba kuma ya nemi saƙonta ya rasa.